Da wane ma'auni ka auna? Yadda kowane fannin ilimi ke gane gaskiya

Yawancin musun da muke tafkawa a majalisa da guruf-guruf na WhatsApp, musamman mu mazauna Legas da Allah ya cakuɗa mu da kowane irin mutum, idan ka kasa kunne da kyau za ka ga rigimar tana kan hanyar da za a bi a tabbatar da magana ne tun kafin a zo kan ita maganar. Wannan ya ce likitoci sun ce, wancan ya ce malamai sun ce, wani ya ce ai kotu ta riga ta yanke hukunci, wani kuma ya ce shi kakansa ne ya faɗa masa kuma kakansa bai taɓa ƙarya ba, a ƙarshe a watse ana jin haushin juna, kowa na kallon ɗan'uwansa a matsayin jahili ko ɗan boko aƙida. Abin yana damuna sosai wallahi, don na ga abota ta mutu a kan abin da tambaya ɗaya za ta iya kashewa, wato kai Malam ta yaya aka yi ka san haka, da me ka auna?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Mile 12 ya san mai shinkafa da derika yake awo, mai tumatur da kwando, mahauci da sikeli, mai manja da kwalba ko jarka, kuma ba mai hankalin da zai ce a auna masa manja da tef ɗin tela. Haka fannonin ilimi suke, kowanne da ma'aunin da ya ƙera daidai da kayan da yake aunawa. Amma a fahimce ni tun yanzu, ni ban yarda da maganar nan ta wai kowa da gaskiyarsa ba, sam. Gaskiya ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne hanyar isa gare ta da kuma yawan tabbacin da kowane fanni zai iya ba ka.

Masu falsafa su ne suka fi kowa daɗewa a kan tambayar. Tun zamanin Aflatun a ƙasar Girka ake yawo da ra'ayin cewa kafin a ce ka san abu sai abu uku sun haɗu: ka yarda da shi a ranka, ya zama gaskiya ne a zahiri, sannan kana da dalilin da ya sa ka yarda. Ana nan a haka sai a 1963 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Edmund Gettier ya rubuta wata maƙala shafi uku kacal ya nuna ukun za su iya cika amma har yanzu ba sani ba ne. Misalin da ya fi sauƙi shi ne na agogo. Ka shiga masallaci ka ɗaga kai ka ga agogon bango na nuna ƙarfe biyu, kuma da gaske ƙarfe biyun ne, amma ashe batir ɗinsa ya mutu tun jiya da ƙarfe biyu. Ka yarda, gaskiya ne, kana da dalili tunda agogo ka duba, to amma sani ka yi ko dace? Har gobe ana rubuce-rubuce a kan wannan. Kuma tun kafin su, Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 ya ba da labarin yadda ya tuhumi idonsa da kansa, ya ce ido na ganin inuwa kamar a tsaye take alhali tafiya take yi a hankali, yana ganin tauraro ɗan ƙarami kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Kaga ke nan gani ya kori ji ɗin da muke faɗa ma yana da iyaka.

Fannin da ya fi kowa tsauri shi ne lissafi. Mai lissafi ba ruwansa da yawan shaidu ko yawan gwaji, hujja yake so wadda za ta taso daga ƙa'idojin da aka amince da su tun farko ta bi mataki-mataki har ta rufe kowace ƙofa. Akwai lambobin da ba sa rabuwa da komai sai da 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Uƙlidis a birnin Iskandariya ta Masar, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo hujjar cewa irin waɗannan lambobi ba su da ƙarshe, kuma yau sama da shekara 2,000 ba wanda ya rushe hujjar, ba kuma za a rushe ta ba. Amma dubi wannan. A 1742 wani Bajamushe Goldbach ya lura cewa duk lambar da ke rabuwa biyu daidai, in dai ta wuce 2, za ka iya samar da ita ta hanyar haɗa biyu daga waɗancan lambobin, 8 ita ce 3 da 5, 20 ita ce 7 da 13, haka dai. An saka kwamfuta ta gwada har zuwa lamba 4 mai sifili 18 a bayanta ba a samu inda maganar ta karye ba ko sau ɗaya, kuma duk da haka masu lissafi har yau sun ƙi su ce ta tabbata, hasashe suke kiranta. A kowane fanni dabam da tuni an rufe zancen. Wannan tsananin shi ya sa maganar da wani masanin lissafi Bafaranshe, Fermat, ya rubuta a gefen littafi wajen 1637 ta zauna ba hujja har sai da Andrew Wiles ya kammala ta a 1994. Kuma kada wani ya ce mana wannan harkar Turawa ce, Muhammad al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake jera lambobi a cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yanzu.

Sai dai farashin wannan tabbaci shi ne lissafi shi kaɗai ba ya gaya maka komai game da duniya. Zai ce maka in kaza haka ne to kaza dole haka ne. Ko kazan farko haka yake a zahiri, wannan sai ka fita ka duba.

Fitar dubawar ita ce kimiyya. Kuma nan ne mutanenmu suka fi samun ruɗani, don za ka ji ana cewa ai su masana kimiyya kullum canza magana suke, jiya sun ce kaza yau sun ce kaza, to wa zai yarda da su. Ni kuma a wurina canza maganar nan ita ce ƙarfin fannin. Ɗan kimiyya na gaskiya ba ya ce maka ya kai ƙarshe, cewa yake wannan shi ne bayanin da ya tsallake duk gwajin da aka yi masa zuwa yanzu, kuma ga irin sakamakon da in aka gani zan janye. Wani masanin falsafa, Karl Popper, ya gina ra'ayinsa a kan haka tun 1934, ya ce maganar da babu wani gwaji da zai iya ƙaryata ta ba ta cikin kimiyya tun asali. Newton ya fitar da dokokinsa na motsi da ƙarfin da ke jan abu zuwa abu a 1687, aka yi sama da shekara 200 ana aiki da su lafiya lau, sai Einstein ya zo a 1915 da wani bayani dabam, ya ce hasken tauraro in ya gifta kusa da rana zai lanƙwasa kusan ninki biyu na abin da lissafin Newton zai bayar. Ba a tsaya ana musu a kan wa ya fi wani girma ba. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, wani Baturen Ingila Arthur Eddington ya ɗauko kayan aikinsa ya zo tsibirin Principe, a cikin tekun nan namu na Gini kudu da Najeriya, wata tawagar ta tafi Sobral a Burazil, suka ɗauki hoton taurarin da ke gefen rana lokacin da ta yi duhu, awon ya goyi bayan Einstein. Kuma ba a zubar da Newton a bola ba fa, da lissafinsa injiniyoyi ke gina gada har yau, an dai gano inda iyakarsa take ne.

Likitanci ɗan gidan kimiyya ne amma shi matsalarsa ta fi yawa saboda jikin mutum yana warkewa da kansa sau da yawa, kuma in mutum ya yarda da magani yakan ji sauƙi ko da ƙwayar ba komai a cikinta. Shi ya sa "na sha na warke" ba ta isa hujja a wurin likita ba, duk da ita ce hujjar da ta fi kowacce tasiri a cikinmu. Abin da suke yi shi ne a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa kashi ɗaya maganin, ɗayan a ba su wani abu mai kama da shi, sannan a ƙirga. An yi gwajin raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a a Ingila a 1948 a kan maganin tarin fuka, daga nan ya zama ƙa'ida. Kuma ƙa'idar ba ta jin kunyar manya. Shekara da shekaru likitocin duniya na cewa damuwa da yaji da yawan tsami a ciki ne ke kawo olsa, sai wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancinta, aka ƙi yarda da su, har a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar cutar da kansa cikinsa ya kamu, aka yi ta maimaita bincike, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Haka kuma wannan ma'auni ba gaba yake da maganin gargajiya ba, don maganin maleriyan da muke sha yau daga wani ganye dangin tazargade wata 'yar Chana Tu Youyou ta tace shi a 1972 bayan ta duba tsofaffin littattafan magungunan ƙasarsu. Ganyen ya shiga awo ne ya ci.

Mu a Legas mun ga ranar wannan bambanci da idonmu. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga Laberiya ɗauke da Ebola, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi a Obalende duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma cutar ta kama ta ta rasu. A farkon Agusta sai ga saƙon gishiri. Ina tuna daren, cikin tsakar dare waya ta dinga ruri, gwaggona ce daga Arewa muryarta na rawa, "Ɗan nan ka tashi, ka tashi iyalinka, ku yi wanka da ruwan zafi da gishiri ku sha kafin asuba, an ce shi ne maganinta." Na ce Gwaggo wa ya faɗa, ta ce kowa ma ya faɗa. Ina leƙawa tsakar gidan hayarmu a Agege na tarar an riga an hura gawayi, bokitai a jere, mai shagon ƙofar gida ya buɗe da tocila a baki yana ƙulla gishiri a leda, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri duk layi ɗaya. Gwaggo ba ƙarya ta yi mini ba, ƙauna ce ta hana ta barci. Amma "kowa ma ya faɗa" ba ta da sikeli a kowane fanni, kuma an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2 a ƙasar nan saboda shan gishirin. Abin da ya kashe wutar Ebola shi ne bin sawun duk wanda ya taɓa mai cutar, a auna zafin jikinsa kullum har kwana 21, a killace wanda ya nuna alama. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita.

To sai shari'a, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don nan ne ake yawan zagin alƙalai a kan abin da ba a gane ba. Ɗan kimiyya yana da damar ya ce ban sani ba tukuna a dawo bayan shekara 50. Alƙali ba shi da wannan damar, mutum biyu na tsaye a gabansa, ɗaya na tsare a gidan yarin Kirikiri ko Ikoyi, dole ya yanke, a ƙarar zaɓe ma kundin tsarin mulki kwana 180 ya ba kotun sauraren ƙararrakin. Saboda haka abin da kotu ke kira tabbatacce shi ne abin da aka iya tabbatarwa a gabanta, da shaidar da doka ta yarda a karɓa, a cikin lokacin da aka ɗiba. Kuma ma'auni biyu gare ta. Dokar Shaida ta 2011 ta ce a shari'ar laifi sai mai gabatar da ƙara ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana, a rikicin fili ko bashi kuwa wanda hujjarsa ta ɗan fi nauyi shi ke da nasara. Sashe na 36 na kundin 1999 ya ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar. Don haka in ka ji an sallami wani, ma'anarta ba a iya tabbatar da laifin ba, ko ya aikata ko bai aikata ba wannan wata magana ce. A Amurka an wanke wani shahararren ɗan wasa, O.J. Simpson, daga laifin kisan mutum biyu a 1995, a 1997 kuma wata kotun ta ɗora masa alhakin mutuwar mutanen nan biyu ta ce ya biya diyyar dala miliyan 33.5, kuma ba saɓani a ciki, ma'aunin ne ya bambanta. Mai shari'a Chukwudifu Oputa na Kotun Ƙoli ma ya faɗa a wani hukunci a 1989 cewa kasancewar hukuncinsu shi ne na ƙarshe ba ya nufin ba sa kuskure.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga wannan baƙon abu ba. Hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa. Ana tunkuɗe haddi da shubuha. Zina sai shaidu huɗu, in uku suka gani da idonsu tsaf suka zo suka faɗa su za a yi wa bulala, ko da abin da suka gani ya faru. Kuma ga hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yanke masa a kan abin da ya ji, to duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yanki ne na wuta aka yankar masa. Wallahi duk lokacin da na karanta hadisin nan sai jikina ya yi sanyi, don ya raba abu biyu a fili, hukuncin da aka gina a kan zahiri da kuma haƙiƙanin abin da ya faru, kuma cin shari'a ba ya halatta maka abin da ka san ba naka ba ne.

Malaman hadisi kuwa tambayarsu dabam ce: shin an faɗi wannan maganar, kuma wa ya ji daga wa? Ba za ka iya kai magana ɗakin gwaji ba, saboda haka sai suka auna mutanen da suka ɗauko ta. Kafin a ce hadisi sahihi ne sai isnadinsa ya haɗu ba yankewa, kowane mai ruwaya ya zama adali, ya zama mai kiyayewa, kada ya saɓa wa waɗanda suka fi shi, kuma kada a samu ɓoyayyiyar illa. Suka rubuta tarihin dubban mutane, wane ya haɗu da wane, wane ƙwaƙwalwarsa ta rikice da ya tsufa, wane mutumin kirki ne amma yana da mantuwa. Wannan na ƙarshen ya kamata mu riƙe, don sun gane tun sama da shekara 1,000 cewa mutum na iya zama salihi kuma ruwayarsa ta zama mai rauni. Sannan suka jera tabbaci hawa-hawa, mutawatiri da jama'a masu yawa suka ruwaito yana ba da yaƙini, malaman usulu kuma suka raba dalili zuwa yankakke da wanda ke ba da zato mai rinjaye, kuma mafi yawan rassan fiƙihu a kan na biyun suke, shi ya sa mazhabobi suka saɓa ba tare da sun kafirta juna ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne al'ummar da ta gaji wannan ilimin ita ce yau ke tura saƙon murya da ba a san wanda ya yi shi ba zuwa guruf goma kafin ta gama saurara.

Tarihi yana kusa da hadisi amma ya ƙara wani abu. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya ce duba masu ruwaya kaɗai bai isa ba a labarin abubuwan da suka faru, sai an tambaya ko abin zai yiwu bisa yadda al'umma ke gudana. Ya kawo misalin masu tarihi irin su Mas'udi da suka ce rundunar Banu Isra'ila ta kai mayaƙa 600,000, ya ce daular Farisa da ta fi su girma nesa ba kusa ba 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya, kuma wane fili ne zai ɗauki wannan adadi har su yi sahu su ga juna. Masanin tarihi na yau haka yake yi, ya ɗauki takarda ya tambaya wa ya rubuta, yaushe, don wa, me zai samu, sannan ya gwama da labarin baka da abin da aka tono a ƙasa. A 1963 wani farfesan Oxford Hugh Trevor-Roper ya ce Afirka ba ta da tarihi sai na Turawan da suka shigo ta, saboda shi a wurinsa abin da ba a rubuta ba babu shi, su Kenneth Dike a Jami'ar Ibadan kuwa tuni suka fara nuna cewa labarin baka ma shaida ne in an tace shi. Ƙasa ma ta yi magana, kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a yankin Yobe, gwajin kabon da ake auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000.

Amma tacewar ta shafi namu ma. Su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman a Zariya sun ƙi karɓar labarin Bayajidda a matsayin asalin Hausawa kai tsaye, kuma in ka duba labarin da kansa ya ce ya tarar da mutane a Daura da sarauniyarsu da rijiyarsu, a Dala ta Kano kuma an samu alamun narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Ni a ganina wannan bai zubar da darajar labarin ba, yana gaya mana yadda masarautun Hausa suka ɗauki dangantakar da ke tsakaninsu, wannan ma ilimi ne, sai dai amsar wata tambaya ce dabam. Haka musun da ke tashi a nan duk bayan 'yan shekaru tsakanin Yarbawan Awori da mutanen Bini a kan wa ya kafa Ikko, wato Legas, rabin rigimar a kan me ake nufi da kafawa ne, wanda ya fara zama ko wanda ya kafa sarauta.

Inda na fi so mu yi hattara shi ne alƙaluman tattalin arziki da zamantakewa, saboda suna zuwa da rigar lissafi sai mutum ya ɗauka tabbacinsu irin na lissafi ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ga shi ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ba wasu masana'antu aka buɗe a Ikeja ko Apapa ba. Ma'anar mai aiki aka canza, da sai ka yi awa 20 a mako ake fitar da kai daga marasa aiki, yanzu awa 1 ta isa, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Yaron da ya yi dakon buhu biyu a Mile 12 ya samu na koko ya shiga lissafin masu aiki. Lambar ba ƙarya ba ce a bisa ma'anarta, amma wanda ya ɗauke ta ya ce talauci ya ragu ya yi mata ƙarya. Haka a Afrilun 2014 aka wayi gari tattalin arzikin Najeriya ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510 saboda an sabunta shekarar da ake awo da ita an shigar da su harkar waya da finafinai. Ƙidayar 2006 kuwa ta ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce ita nata lissafin miliyan 17.5 ne, kuma tunda rabon kuɗi da kujerun majalisa na bin yawan jama'a, kowane ɓangare yana da abin da zai samu a cikin lambar da yake karewa. A irin wannan fanni tambayar farko ita ce me aka ƙirga, wa ya ƙirga.

Adabi da waƙa ban ce komai a kansu ba, su ba a tambayarsu ko abin ya faru, ana tambaya ne ko sun faɗi yadda zuciyar mutum take, kuma wannan zance ne mai zaman kansa.

Matsala ta gaske tana tasowa ne inda fanni biyu suka haɗu a kan abu ɗaya, kuma misalin da ya fi kusa da mu shi ne ganin wata. Duk shekara sai an yi a Zangon Agege da Idi-Araba, wasu sun ɗauki azumi wasu sun ce sai gobe, wani na cewa "Alhaji ai lissafi ya nuna ba zai ganu ba", Alhaji na cewa "yaro, mu da gani aka umarce mu ba da kwamfuta ba". In ka warware za ka ga tambaya biyu ce aka cusa a buhu ɗaya. Ta farko, ina wata yake a sama a daren nan, an haife shi ko ba a haife shi ba, zai faɗi kafin rana ko bayanta? Wannan ta masana falaki ce, kuma lissafinsu ne ya faɗi ranar da lokacin husufin da ya ratsa Najeriya a 29 ga Maris 2006 tun shekaru kafin ya faru, su ne kuma ke cewa ba a taɓa tabbatar da ganin jinjirin watan da bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba da ido tsirara. Ta biyu, da me Shari'a ta rataya wajabcin azumi, kuma wa ke da ikon sanarwa? Wannan ta malaman fiƙihu ce, na'urar hangen nesa ba ta da ta cewa a ciki, kuma a ƙasar nan Sarkin Musulmi ne ke sanarwa bayan kwamitin ganin wata ya tace rahotanni.

Farfesan falaki da ya ce tunda lissafi ya nuna an haifi wata dole gobe a ɗauki azumi ya shiga gonar da ba tasa ba, don jumhurun malamai, har da Malikiyya da muke bi, ba su rataya azumi a kan lissafi ba. Shi ma wanda ya ce lissafin falaki duk bokanci ne ya yi wa fannin da bai karanta ba hukunci, alhali da wannan lissafin aka buga kalandar lokutan sallar da ke manne a bangon masallacinsu. Kuma malaman da ba su tsaya a nan ba. Taƙiyyuddin as-Subki, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya ce idan lissafi ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba kwata-kwata a daren, sai wasu suka zo suka ce sun gani, alƙali ya mayar da shaidarsu, saboda lissafin yankakke ne shaidar mutum ɗaya ko biyu kuwa zato ce, mai yiwuwa wani abu suka gani suka ɗauka wata ne. Wasu malaman sun saɓa masa, sun ce Shari'a ta tsayar da shaidar adilai a matsayin hujja ko me lissafi ya ce. Saɓanin nasu a kan matsayin shaida ne idan ta ci karo da lissafi, ba wanda ya musa inda watan yake, kuma wannan ita ce mas'alar da ya kamata malamanmu da masana falakinmu su zauna a kanta tun watan Rajab, tun kafin daren 29 ga Sha'aban ya zo wayoyi su fara ruri.